Gwaggo Ba Mai Gyaɗa Ba Ce

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu duka, ga shi Gwaggo ta riga mu amsa kira. Ranar Talata da hantsi ta cika a ɗakinmu na unguwar Mahjar a Jidda, amma ba a kai ta makwancinta ba sai Alhamis bayan la'asar, domin a garin nan ko gawa ce sai an ga takardarta, ita kuwa shekara ashirin da biyu ke nan ba ta da ko guda. Mu mata ba mu je maƙabarta ba. Maza suka dawo suka ce an rufe ta lafiya, ba suna, ba alama, kamar yadda ake yi wa kowa a nan.

Kwana uku muka yi zaman makoki, kuma ba zan yi wa mutane ƙarya ba, sun zo. Daga unguwar Sa'alaba aka zo, daga Ruwais aka zo, har matan da ke aikatau sai da suka roƙi iyayen gidansu awa biyu. Kowacce ta shigo ta ce ya haƙuri, ta karɓi gahawa da dabino, sai ta gyara zama ta fara yabo.

"Allah sarki Hajiya mai gyaɗa. Wallahi ban taɓa cin karo da ruɓaɓɓiya a ƙullinta ba."

"Ga gishiri mazbuɗ, bai yi yawa ba, bai gaza ba."

Khala, maƙwabciyarmu Bahaushiyar Sudan, wadda ta fi kowa kuka, ta jawo ni gefe ta ce, "Ya binti, 'yata, wurin nan nata na bakin masallaci kada ku bari wata ta kama. Ya'ani wuri ne mai albarka. Ke ma in kin taso daga aiki ai za ki iya zama."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma maganar ta yi mini zafi. Kwana uku ina kasa kunne ko wata za ta ce Malama, ba wadda ta faɗa. Yayana ya aiko da saƙon murya daga Zariya, inda yake aikin haɗa magunguna a wani asibiti, yana kuka yana cewa ita ta yi shi mutum. Umma, mahaifiyarmu, ta yi ta kunna wa duk wadda ta shigo. Su kuwa kukan kawai suke ji, su ce wayyo yaron kirki, su miƙo kofi a ƙara musu. Shi ya sa na ɗauki biro. Haushi nake ji, kuma rabin haushin na kaina ne, zan zo wurin.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Malamar lissafi ce a wata sakandaren 'yan mata a ƙasar Katsina, shekara goma sha tara tana riƙe da alli. Da Baba ya rasu a nan Jidda, sai ta biyo jirgin umra ta zo yi wa Umma gaisuwa, da niyyar mako uku. Ta tarar da Yaya yana da shekara goma sha biyu, ni tara, mun iya ƙananan surori, mun iya zagi da Larabci, amma ba wanda ya iya rubuta sunansa. A nan aka haife mu, sai dai iƙamar Baba, wato takardar izinin zama, ta riga shi mutuwa, kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya ɓace, yaron da ba shi da iƙama kuwa ba makarantar da za ta buɗe masa ƙofa. Umma ta ce ranar da Gwaggo ta miƙa wa Yaya biro ya dunƙule shi a hannu kamar muciya, a ranar ta fasa tafiya. Tashi ta yi ta kwance akwatin da ta riga ta ɗaure. Jirginta ya tashi ba ita, aikinta ya tafi, gidanta na can ma daga baya dangi suka raba.

A saman rufin gidan da muke haya ta buɗe makarantarta, tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya. Murfin wata tsohuwar durowa ta shafa wa baƙin fenti, shi ne allo. Daga sallar asuba muke hawa, kafin ranar Jidda ta farka, domin da ta farka littafi ma gumi yake yi. In an yi azahar ta soya gyaɗa, da la'asar ta ɗauki faranti da littattafanmu ta tafi bakin masallaci. A can take duba aikinmu da jan biro, kanta a sunkuye. Wasu masu saye sun daɗe suna zaton laya take rubutawa, har wata ta taɓa roƙonta ta mallakar miji.

Da muka kai karatun sakandare abin ya zama yaƙi. Littattafai ba su samuwa a nan, sai daga gida, hanyar kuwa ɗaya ce: alhazai. Duk lokacin aikin Hajji kowane gida a unguwarmu yana jiran saƙo, wannan kuka, wancan daddawa, wancan kilishi. Gwaggo kuwa tun watan Rajab take damun tsofaffin ɗalibanta a waya, su nemo mata littafin aji kaza da takardun tambayoyin jarrabawar bara, su ba alhajin da zai yarda ya rage kayansa. In ta dawo daga masaukin alhazai da ƙullin takardu a ka, Umma takan leƙa ta ce,

"Malama, ko ɗan ƙullin kuka babu? Takarda za mu kaɗa a miya?"

"Amarya, kukar da kika ci bara tana ina?" Haka take kiran Umma har ta mutu, Amarya, ko da furfura ta rufe kan amaryar.

Lissafi nata ne, a barci ma ta iya. Amma kimiyyar sinadarai da ta halittu ba ta taɓa koyarwa ba, sai ta koma ɗaliba da tsufanta. Babi ɗaya take riga mu. In Yaya ya yi mata tambayar da ke babi na gaba, takan zare tabarau ta ce, "Kai, ka bari mu isa garin kafin ka tambayi gidan sarki," washegari kuma sai ta zo da amsar. Da aka zo gwajin da ake yi a ɗakin gwaje-gwaje, mu da ba mu da ko kwalba, sai ta shiga kicin ɗin Umma. Ta jiƙa zoɓo ta zuba a kofunan shayi, ta ɗiga lemun tsami a wannan ya ƙara ja, ta ɗiga ruwan kanwa a wancan ya koma duhu-duhu, ta sa muna ƙirga ɗigo da sirinjin maganin tari muna rubutawa. Umma ta shigo ta ga zoɓon da za ta sayar ranar Juma'a ya zama ruwan rini, ta ɗora hannu a ka. Ranar mun yi dariya har Gwaggo ta ƙware.

Amma ranar jarrabawa ba dariya. Duk ƙarshen wata uku takan shirya mana ita sak yadda ake yi a gida. Sai mun yi wanka mun sa takalmi, alhali matakala goma sha huɗu kawai za mu hau. Ta manna wa kowa lamba a kan akwatin da yake rubutu, ta ajiye agogon bango a kan tanki, ta yage ambulan a gabanmu, ambulan ɗin da ita ta liƙe shi jiya. Daga nan ba ta san mu ba. Na taɓa cewa, "Gwaggo, birona ya ƙi," ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba ta ce, "Lamba biyu, ba Gwaggo a nan. Takarda ba ta san marainiya ba." Na yi kuka, na rubuta sauran da fensir, ta cire mini maki biyar. Da yamma ta dawo mini da biro uku da alawa, ba ta ce ta yi kuskure ba, kuma makin bai dawo ba.

Duk wannan wahala hanya ɗaya take nufa. Jarrabawar gaske a gida ake zama, a Najeriya, ƙasar da ni da Yaya ba mu taɓa gani ba. Wanda ba shi da iƙama kuwa in zai fita, sai ya miƙa kansa a kai shi tarhili, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu, a ɗauki hoton yatsunsa, daga nan ƙofar dawowa ta rufe, Allah kaɗai ya san ranar buɗewarta. Wato duk darasin da Gwaggo ta koya mana, taku ɗaya ne na barin Umma. Umma ta gane haka tun kafin mu gane.

Yaya ne ya fara tafiya, yana da shekara goma sha tara. Ya miƙa kansa da jaka ɗaya, rabinta littattafai. Ya yi mako shida a tsare kafin a sa shi a jirgi, ya sauka wurin dangin da ke yi masa dariyar Hausarsa, suna kiransa ɗan tarhili. Ya zauna jarrabawa ya ci, ya samu jami'a. Ranar da labarin ya zo Gwaggo ta raba gyaɗar farantinta kyauta, Umma kuma ta shiga ɗaki ta kwana biyu ba ta ci abinci ba. Har yau ba ta ƙara sa shi a ido ba, sai a waya. Gwaggo ce ta zaunar da ita, a ɓoye don kada mu yi mata tsiya, ta koya mata haruffa har ta iya gane sunan ɗanta in ya fito a fuskar waya.

Shekara uku bayan haka lokacina ya zo. Ba yabon kai ba, na fi Yaya. Gwaggo ba ta yabon mutum a gabansa, amma na ji ta gaya wa Khala cewa shekara goma sha tara tana koyarwa ba ta ga kai irin nawa ba. Likita take so in zama. Sai ga sa'a ta faɗo: hukuma ta yi afuwa, aka ce duk marar iƙama ya fita cikin watanni kaza ba tsarewa, ba tara, ba a rufe masa ƙofar dawowa. Gwaggo ta yi sati uku tana bin layi tun asuba har ta samo mana takardar tafiya, tawa da tata. Tare za mu tafi. Bayan shekara goma za ta ga garinsu, ta kai ni ƙofar ɗakin jarrabawa da ƙafarta. Har ta fara rabar da tukwanenta.

Sai jita-jita ta tashi, irin wadda duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san ta. Aka ce da an gama afuwa za a ba duk wanda aka haifa a ƙasar nan iƙama, har ya shiga makaranta ya yi aiki a fili, amma wanda ya fita ya fita ke nan, sunansa ba ya ciki. Wa ya faɗa? Wani direba ya ji daga kafilinsa, shi kuma ƙanin matarsa babba ne a wani ofis. Tun ina goye ake wannan magana, duk shekara da sabon direba. Amma a wannan karon Umma ta kama ta da hannu biyu.

"Halas, Malama, ɗaya ya isa. Kin ɗauke mini namijin, ki bar mini macen. In iƙama ta fito ai ga jami'a nan a Jidda, ta je ta dawo ta kwana a gabana."

"Amarya, jiran gawon shanu kike. Yaushe aka fara faɗin wannan magana? Da ita aka binne ƙanena."

"To ki tafi ke kaɗai mana! Wa ya riƙe ki?"

Gwaggo ta juyo ta dube ni. "Ke fa, ɗiyata? Da bakinki."

A nan ne nake so a san laifina, kada a ɗora wa Umma duka. Ban yarda da jita-jitar ba, Gwaggo ta koya mini tunani fiye da haka. Tsoro nake ji. Ina tsoron garin da ban sani ba, da 'yan matan da za su ji Hausata su kwashe da dariya, da ɗakin da za a cika da mutum ɗari biyu bayan na saba da lamba ɗaya da lamba biyu. Ina tsoron in je in faɗi, ta gane shekara goma ta zuba ruwa a rariya. Maimakon in ce tsoro nake ji, sai na nemi abin da zai fi yi mata zafi, na kuwa samu.

"Ke da kika yi karatun, me ya tsinana miki? Ba gyaɗa kike sayarwa a bakin masallaci ba?"

Umma kanta sai da ta ce subhanallah. Gwaggo ta zare tabarau tana gogewa da bakin mayafi. Na so ta mare ni, da na samu abin riƙewa. Sai ta mayar da tabarau ta ce, "Gobe bayan asuba, lissafi. Ki zo da littafin aji shida." Ta tashi ta ɗauki farantinta, don la'asar ta yi.

Afuwa ta ƙare, takardunmu suka mutu a cikin jakarta. Iƙama ba ta fito ba, ba a shekarar ba, ba a ta gaba ba. Na ce mata ta tafi ko ba ni, ta ce ita ba ta taɓa barin aji da ɗaliba a ciki ba. Ba ta sake tayar da maganar da na gaya mata ba, ko sau ɗaya, kuma ni ban taɓa ba ta haƙuri ba, kullum ina cewa sai na sami ranar da ta dace. Shekara huɗu ta ci gaba da karɓo sababbin tambayoyi wurin alhazai tana shirya mini jarrabawa a saman rufi, wai kada kaina ya yi tsatsa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ni kuma kullum baɗi. Sai ciwon suga ya kama ƙafafun Umma, na shiga aikatau a wani gida a Ruwais don mu ci. A shekara ta biyar na ce mata na gaji, ta daina wahalar da alhazai. Ta ce to, ta sauko da allon ta jingine shi bayan ƙofa.

A gidan da nake aiki uwar gidan ta kama ni wata rana ina gyara wa babbar 'yarta lissafi a bayan takardar cefane. Tun daga ranar, in na gama guga sai in zauna da yaran. Babbar yanzu tana jami'a tana karatun likita. Ranar da ta samu shiga an yi walima, ni na wanke kwanukan, aka ba ni sabuwar abaya. Mutanen kirki ne, ba su ci mini komai ba. Da na gaya wa Gwaggo, sai ta tambaye ni ko yarinyar ta iya nuna hanyar da ta bi ta samu amsa, ko haddacewa kawai take yi.

A watanninta na ƙarshe hankalinta ya fara yawo. Wani lokaci ta kira Umma da sunan wata shugabar makaranta, wani lokaci ta ce a buga ƙararrawa. Ranar Litinin, jajibirin rasuwarta, na dawo daga Ruwais bayan la'asar da jaka a kafaɗa, hannuna yana warin sabulun wanke-wanke. Tana kwance, Umma na zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta yunƙura.

"Kin fito? Yaya jarrabawar?"

Na dubi Umma. Umma ta sunkuyar da kai cikin faranti. Na ajiye jaka na zauna a bakin katifa na ce, "Alhamdu lillahi, Gwaggo, da sauƙi."

"Mutane da yawa?"

"Ɗakin ya cika. Amma ban ji tsoro ba."

"Nawa kika amsa a kashi na biyu?"

"Duka."

"Ƙarya kike," ta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa. "Biyar ake zaɓa. Faɗa mini ɗaya in ji."

Sai na karanto mata tambayar da na yi wa ƙaramar ɗiyar uwar gidana da safiyar ranar, a kan teburin kicin. Ta lumshe ido, yatsanta yana tafiya a kan zanen gado, layi bayan layi, ba ta tsallake ko mataki ɗaya ba. Ta buɗe ido ta ce me na samu. Na faɗa mata.

"Daidai," ta ce. Ta kama hannuna ta riƙe. "Saura jami'a." Sai ta ɗaga murya yadda ƙarfinta ya kai. "Amarya! Kin gani? Da kin hana ta fa?"

Umma ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na gani, Malama."

"To ki yafe mini faɗan da na yi ta yi miki. Ai ga shi ya wuce."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarin da ba zan iya nuna shi ba, Ya ba ta ladan kowane harafi da ta sa a kanmu. Shekara goma sha biyu ina jiran ranar da ta dace in ba ta haƙuri. Ranar ta zo, hannunta yana cikin nawa, na buɗe baki, sai ta riga ni. Ta ce in je in cire takalmi in huta, na sha aiki yau.